Mawaƙin da Ya Nemi Rupi 25,000 Don a Ƙyale Shi

Idan mutum ba ya son rabuwa da hajarsa, kuma nauyin mai saye ya hana shi cewa a'a, sai ya yanka mata kuɗin da zai sa mai sayen ya kama gabansa da kansa. Dabarar da Ustaz Bade Ghulam Ali Khan ya yi ke nan lokacin da K. Asif, daraktan fim ɗin Mughal-e-Azam, ya hana shi sakat sai ya rera waƙa a fim ɗin. A wancan zamani Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, waɗanda mu a nan muke ganin daga kansu an rufe ƙofa, abin da ake biyansu a kan waƙa guda bai wuce rupi 500 ba. Ustaz ya ce shi 25,000 ne kuɗin waƙarsa ɗaya, yana zaton magana ta mutu ke nan. Asif bai ko taya ba, ya ce ya saya. Ƙarshenta ma waƙa biyu ya yi musu, a ƙarƙashin mai tsara kiɗa Naushad.

Fim ɗin ya fito a 1960, kuma muryarsa ce aka ɗora wa Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar. Duk wanda ya kalla zai tuna daren da Dilip Kumar, a matsayin Yarima Salim, yake shafa fuskar jaruma Madhubala da gashin tsuntsu, ba mai cewa uffan, sai wata murya daga can nesa tana hawa tana sauka. Mu masu kallon Indiya mun haddace jarumai har mun raɗa musu sunaye namu na gida, amma irin wannan waƙa mai dogon ja, wadda babu rawa a cikinta, a ɗakunanmu ita ce lokacin tashi shan ruwa ko tura kaset gaba. Alhali kuwa daga wannan rijiya aka ɗebo yawancin waƙoƙin tsofaffin fina-finan da muke so.

Me zai sa mawaƙi ya guji fim, inda suna da kuɗi suke? Sai an leƙa duniyar da ya fito kafin a gane.

A kiɗan gargajiya na manyan malaman arewacin Indiya, wanda suke kira Hindustani, komai a kan raga yake tsayawa. Matakan sauti bakwai ne a wurinsu: sa, re, ga, ma, pa, dha, ni. Wasu daga ciki ana iya sassauto da su ko a ɗaga su kaɗan, har su zama 12. Kowace raga tana zaɓar biyar, shida ko bakwai, ta shimfiɗa dokar yadda za a hau su, yadda za a sauko, wanda za a daɗe a kansa, da wanda za a ɗan shafa kawai a wuce. Abin mamaki, raga biyu ko uku suna iya haɗa matakai iri ɗaya sak, amma kunnen da ya goge ba zai taɓa rikita su ba. Marwa da Puriya da Sohni duk kayan aikinsu ɗaya ne. Marwa ta faɗuwar rana ce, mai nauyi da zullumi. Puriya ta farkon dare ce, tana zama ƙasa-ƙasa. Sohni kuwa tana rayuwa a can sama, kuma lokacinta ƙarshen dare ne, dab da asuba. A Sohni Ustaz ya rera waƙar gashin tsuntsun nan, don haka ba da ka aka zaɓe ta ba: raga ce ta masoyan da gari ke shirin waye musu. Haka kowace take da sa'arta. Bhairav ta asuba, Yaman ta bayan magariba, Darbari Kanada, wadda ake danganta wa Tansen kansa, ta tsakar dare, dangin Malhar kuma na damina.

Salon da ya fi yin suna da shi ana ce masa khayal. Ya bunƙasa a fadar Sarki Muhammad Shah na Delhi, wanda ya yi mulki daga 1719 zuwa 1748, a hannun wani mawaƙi Niyamat Khan mai laƙabi Sadarang, kuma a hankali ya ture tsohon salon dhrupad na zamanin Tansen zuwa gefe. Ga yadda zaman khayal yake. Mawaƙi na zaune a ƙasa a harɗe. A bayansa akwai masu tanpura, wata doguwar aba mai tsirkiya huɗu da ba ta yin komai sai riƙe sautin tushe, kamar ƙudan zuma a nesa, daga farkon zama har ƙarshe. A gefe ɗaya mai tabla da gangunansa biyu, a ɗaya gefen mai sarangi ko mai harmoniyam yana bin murya. Baitin waƙar kansa layi biyu ne zuwa huɗu, ba ya wuce haka. Sauran duk abin da za a ji cikin sa'a guda mawaƙi ne yake ƙaga shi nan take, ba takarda, ba rubutu. Yana farawa a hankali, yana buɗe raga mataki-mataki a kan kari mai bugu 12 da aka ja shi ya yi tsawo ƙwarai. Daga baya ya koma baiti na biyu mai sauri, galibi a kan kari mai bugu 16. Nan ne ake sakin abin da suke kira tan, wato gudun murya a kan matakan sauti, sama da ƙasa, cikin numfashi ɗaya. Sharaɗin kuwa, duk inda ya yi yawo, dole ya diro daidai kan bugun farko na zagayen, tare da mai tabla. Idan ya diro daidai, sai ka ji zaure ya ɗauka da "wah, wah", kawuna na kaɗawa. Masu sauraro a can ba sa jiran ƙarshe kafin su yaba.

Wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba a da. Gida-gida yake, suna ce wa kowane gida gharana. Da daular Mughal, wato gidan sarautar su Akbar da Muhammad Shah, ta raunana, musamman bayan boren 1857 da Turawan Ingila suka murƙushe, mawaƙan Delhi sun watse zuwa fadojin ƙananan sarakuna, kowane gida ya ɗauki sunan garinsa: Gwalior, wanda shi ne babba a khayal, sai Agra, Jaipur, Rampur, Kirana, Patiala. Kowane da yadda yake fitar da murya da baitocin da yake ɓoyo. Ɗalibi ba ya zama ɗalibi sai malam ya ɗaura masa zare a wuyan hannu a gaban shaidu. Daga nan ya tare a gidan, ya yi shara, ya yi aike, ya matsa ƙafar malam, kuma yana iya shekara a kan raga ɗaya ba a ƙara masa wata ba. Wanda ya tashi a haka, ka ce masa ya zo ya yi waƙar minti uku da wani zai tsara masa, a ɗora a bakin ɗan wasa, ai kamar ka rage masa daraja ne. Asalin rupi 25,000 ke nan.

Gidan Patiala, a yankin Panjab, wasu abokai biyu ne suka ɗaga shi a ƙarni na 19, Ali Baksh da Fateh Ali Khan, waɗanda suka yi yawon neman ilimi wurin malaman Delhi da Gwalior da Jaipur, suka riƙa waƙa tare har aka yi musu laƙabin soja, ɗaya Janar, ɗaya Kanar. Shi Ghulam Ali an haife shi a 1902 a Kasur, kusa da Lahor, garin da kabarin waliyyin mawaƙi Bulleh Shah yake, kuma garin da daga baya ya haifi mawaƙiya Noor Jehan. Zuriyarsu dama makaɗa ce. Mahaifinsa, shi ma Ali Baksh sunansa amma ba Janar ɗin ba, da baffansa Kale Khan, sun ɗauki karatun Patiala suka haɗa da na gidansu. Kale Khan ne ya fara ɗora yaron tun yana ɗan ƙarami.

Sai dai kafin a san shi da murya, da sarangi ya ci abinci, kuma a ganina duk wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci waƙarsa ba. Sarangi ɗan'uwan gogenmu ne ta wajen aiki, ana goga shi da ɗan baka, amma ya fi shi rikici nesa ba kusa ba. Manyan tsirkiyoyinsa uku na hanji ne, a ƙarƙashinsu kuma akwai sirara na ƙarfe sama da 30 da ba a taɓa su, su da kansu suke amsawa idan an goga na sama. Mai kaɗa shi ba ya danna tsirkiya da tsokar yatsa, da gindin farce yake zamewa a gefenta, abin da kan fasa fata kafin ta yi kanta. Aikinsa shi ne ya bi mawaƙi sau da ƙafa, duk abin da murya ta yi ya maimaita nan take. Kuma a wancan lokaci sana'a ce da ake rainawa, domin masu sarangi su ne 'yan rakiyar mata mawaƙa da ke nishaɗantar da masu hannu da shuni, matan da malamai ke ɗage wa hanci duk da cewa da yawansu sun fi su iya waƙa. To saurayin da ya yi shekaru a bayan mawaƙa iri-iri yana kwaikwayon kowace lanƙwasa tasu ya koyi abu biyu da ɗan gata na gidan malam ba ya koya. Ya san salon kowa, ba na gidansu kaɗai ba. Ya kuma san lokacin da masu sauraro suka fara gajiya, don yana kallon fuskokinsu alhali mawaƙin ya rufe ido. Abdul Karim Khan na gidan Kirana ma da sarangi ya fara, haka Amir Khan ɗan mai sarangi ne. Ba ƙaramin abu wannan kayan kiɗa ya ba waƙar Indiya ba, ga shi kuma har yau masu kaɗa shi ƙaranci suke yi.

Sunansa ya fashe ne a ƙarshen shekarun 1930, bayan wani zama da ya yi a Kalkata, yana dab da shekara 40. Daga nan tarukan waƙa na Bombai da sauran birane suka shiga rububinsa. Hotunansa na lokacin suna nuna ƙaton mutum mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda za ka ɗauka ɗan kokawa ne, rungume da surmandal, wani ɗan akwati mai tsirkiyoyi da yawa da yake sharɓa da yatsu tsakanin jimla da jimla. Daga wannan ƙirji kuwa murya take fita mai zaƙi, mai faɗi, tana ratsa hawa uku na tsanin sauti ba tare da ka ji inda ta canza kaya ba. Mawaƙa da yawa idan sun hau sama sai jijiyar wuya ta tashi, fuska ta yamutse. Shi ko a saman ko a ƙasan, kaurin muryar ɗaya ne. Gudunsa kuma, duk saurinsa, kana iya ƙirga kowane mataki a ciki, babu wanda ya haɗiye.

Abin da ya jawo masa surutu shi ne gajarta. A lokacin da martabar malami take a tsawon zamansa a kan raga ɗaya, shi yakan gama da ita cikin minti 20 ko 30 ya shiga wata. Masu suka suka ce ba shi da haƙurin shimfiɗa, yana gaggawar zuwa wurin burgewa. Kullum da Amir Khan na Indor, wanda ya rayu daga 1912 zuwa 1974, ake gwada shi. Amir Khan yakan zauna kamar dutse, ya yi ta juya matakai uku ko huɗu a ƙasa-ƙasa har sai mai sauraro ya manta da agogo, kuma bai yarda ya rera ƙananan waƙoƙin soyayya a gaban taro ba. Har gobe masoya wannan kiɗa a Indiya sun kasu, 'yan Amir Khan da 'yan Bade Ghulam, kuma musun ba ya ƙarewa.

Ni dai a wannan musu ina bayan mai gashin baki, ko da yake na san akwai daren da babu abin da zai yi maka sai Amir Khan. Hujjata faya-fayan garmaho ne. Faifan wancan zamani minti uku da ɗoriya yake ɗauka a kowane gefe, kuma manyan malamai da dama ko dai sun ƙi shiga ɗakin ɗauka, ko sun shiga sun fito da guntun abu mara kai mara gindi. Saurari nasa. A jimlar farko ya riga ya gaya maka wace raga ce, ba kame-kame. Kafin minti ɗaya ya kafa baiti, ya nuna maka ƙasanta da samanta. Sauran lokacin ya yi wasa, ya diro, ya rufe, kuma ba ka jin an yanke maka wani abu. Mai ja da tsawo yana da wurin ɓuya, idan jimla ɗaya ba ta yi ba ta gaba za ta gyara. Mai minti uku ba shi da wannan gatan. Kuma lokaci ya nuna ya karanci zamaninsa daidai, domin masu sauraron da ke zuwa ba sarakuna ba ne masu dare a hannunsu, ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka sayi tikiti, gobe kuma akwai aiki.

Sannan ga tumri, ƙaramar waƙar bege, wadda galibi da bakin mace ake yin ta, tana kukan masoyin da ya yi nisa. Cibiyarta ta asali gabas ce, Lakno da Banaras, inda ta samu gata a fadar Wajid Ali Shah, sarkin Awadh na ƙarshe da Turawa suka tuɓe a 1856. Tumrin gabas a hankali take tafiya, tana tauna kalma. Bade Ghulam Ali da ƙanensa Barkat Ali Khan suka shigo mata da iskar Panjab: 'yan ƙananan karkarwa masu sauri, juyi na ba-zata, da karin waƙoƙin mutanen ƙauye da na duwatsu, irin na raga Pahadi. Wannan reshe har yau da sunan Panjab ake kiransa. Mutane da yawa da ba su san komai game da khayal ba ta tumrinsa suka san shi, kuma a taro ba a barinsa ya tashi sai ya yi. Ya kuma tsara baitoci nasa na khayal masu yawa, yana sa hannu a cikinsu da laƙabin Sabrang, kamar yadda Sadarang ya yi shekara 200 kafin shi.

A 1947 aka raba ƙasar Indiya biyu. Kasur da Lahor suka faɗa Pakistan, mutane sama da miliyan 10 suka bar gidajensu ta ɓangarorin biyu, Panjab kuma ita ta fi ko'ina shan jini. Ustaz Musulmi ne, garinsu na Pakistan, don haka can ya zauna da farko. Amma masu sauraronsa da manyan tarukan waƙa suna Kalkata da Bombai da Delhi. Akwai kuma wani abu da mai karatu zai so ya sani game da wannan sana'a: yawancin manyan gidajen khayal na Musulmi ne, amma baitocin da suka gada cike suke da labarin Krishna da Radha na addinin Hindu, gefe guda da na yabon Allah da waliyyai irin su Nizamuddin Auliya da Mu'inuddin Chishti. Malami Musulmi ya koyar da ɗalibi Hindu, Hindu ya koyar da Musulmi, kowa na rera na kowa a matsayin gadon sana'a. Irin wannan kaya bai san iyakar da aka ja da alƙalami ba. Ya yi ta zirga-zirga da biza, har a 1957 ya samu takardar zama ɗan Indiya da taimakon Morarji Desai, jigon siyasar Bombai wanda ya zama Firaminista a 1977. Aka ba shi gida a unguwar Malabar Hill.

Indiyar da ya dawo ta canza. Masarautu sama da 500 sun narke cikin sabuwar ƙasa, fadojin da ke ciyar da mawaƙa sun rufe baitulmali. Gidan rediyon gwamnati ya zama sabon uban gida. Ministan watsa labarai na lokacin, B. V. Keskar, mai tsananin kishin kiɗan malamai ne, har a 1952 ya taƙaita waƙoƙin fim a rediyo, abin da ya kora jama'a zuwa Rediyon Silon, inda Ameen Sayani ke gabatar da shirin Binaca Geetmala. Dole gwamnati ta sauko ta buɗe tashar Vividh Bharati a 1957. A tsakiyar wannan ja-in-ja tsakanin waƙar malamai da waƙar fim ne K. Asif ya je da buƙatarsa.

A 1962 aka ba shi lambar Padma Bhushan da kuma lambar hukumar Sangeet Natak Akademi. Amma a farkon shekarun 1960 ɗin ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Bai daina ba. Akan ɗauko shi a zaunar a dandali, ɗansa Munawar Ali Khan a gefensa yana tallafa masa da murya, idan numfashin uban ya gaza ɗan ya ɗauka. Ya rasu a Afrilun 1968 a fadar Basheerbagh da ke Haidarabad, yana da shekara 66, a birnin kuma aka binne shi.

Munawar ya riƙe gidan har rasuwarsa a 1989, ɗansa Raza Ali Khan, jikan Ustaz, ya ci gaba. Ghulam Ali na Pakistan, mawaƙin gazal ɗin nan da aka ji muryarsa a fim ɗin Nikaah na 1982, sunan Ustaz aka sa masa, kuma a hannunsa da na ƙannensa ya yi karatu, don haka kada a rikita su biyun. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda salon ya fi kama ƙasa: ba Panjab ba, Bengal, can gabas, yankin Kalkata, garin da ya fara ɗaga shi. Ajoy Chakrabarty na Kalkata ɗalibin Munawar ne, 'yarsa Kaushiki Chakraborty, haihuwar 1980, tana cikin waɗanda suka fi cika zaure a yau.

Gadon yana da nasa haɗarin, kuma masu sukar gidan Patiala ba ƙarya suke yi ba duka. Gudu shi ne abin da ya fi sauƙin kwaikwaya, shi ne kuma ke kawo tafi da wuri, don haka matasa da yawa sun ɗauki gudun sun bar sauran. Za ka ji mawaƙi ya yi sama ya yi ƙasa kamar ana korarsa, ka kasa faɗin wace raga yake ciki. Wanda yake son ya ji bambancin ya nemi tsofaffin faya-fayan Ustaz, yawancinsu suna YouTube da ƙarar allurar garmaho a cikinsu. Ya fara da Pahadi ko wata tumri, kunne ya saba, kafin ya shiga raga Malkauns ko Darbari. Waɗannan biyun kuma ya bari sai dare ya raba.